Kira Ga Gayyar Fassara

Malam Edita, ina roƙonka ka ɗan ba ni fili cikin mujallarmu, in yi wa 'yan'uwana ɗalibai magana a kan wani al'amari wanda ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni mutumin Sabo ne, watau unguwar Hausawa da ke Mokola cikin birnin Ibadan, wanda tsofaffinmu ke kira Badun. A can aka yanke mini cibiya, a can na yi karatun allo da firamare kafin Allah ya kawo ni wannan kwaleji. Abin da zan faɗa kuwa a can ya samo tushe, a zauren kawuna.

Kafin in shiga labarin, ya kamata in ɗan kwatanta wa waɗanda ba su taɓa zuwa Kudu ba yadda Sabo ta ke. An kafa unguwar a 1916, aka tara Hausawan Ibadan wuri guda ƙarƙashin sarkinsu. Abin da ya zaunar da kakanninmu can shi ne fatauci: shanu su gangaro daga Arewa, goro ya hau. Yanzu an ƙara da canjin kuɗi da tsire da sauran sana'o'i, amma ginshiƙin cinikin bai sake ba, watau amana. Kaya da yawa bashi a ke bayarwa, sai an sayar a biya. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna cikin unguwar, ya fitar da littafi a kanta a 1969, kuma yana cikin abin da ya lura da shi cewa maigida a Sabo da mutuncinsa ya ke ciniki. Wanda aka sani da rufin asiri, shi a ke kai wa kaya. Ku riƙe wannan, domin shi ne jigon labarin.

Kawuna dillalin goro ne, ya ba shekara sittin baya. Ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami da kyau, ya koyi boko a ajin manya, Yarbanci kuwa in yana yi sai ka ce a Oyo aka haife shi. Turanci ne kurum Allah bai ba shi ba. Yana da littafin bashi wanda ya ke rubuta kowa da abin da ya ɗauka, huhu kaza, ƙwarya kaza. Wata damina ruwa ya jiƙa littafin, saboda haka wani yaro ya koya masa ya riƙa ɗaukar hoton kowane shafi da wayarsa, don gudun ɓacin rana.

Ran nan sai wani abokin cinikinsa ya zo ya biya abin da ke kansa duka. Da mutumin ya tafi, Kawu ya buɗe hoton shafin nan yana nufin ya kawar da shi. Sai ya ga wata kalma mai haruffa biyar a gindin hoton, s, h, a, r, e. To, jama'a, duk mai karatun Hausa ya san abin da share ke nufi. Ya danna. Waya ta jero masa sunayen mutane. Ya ce a ransa, madalla, tambayata ta ke yi bashin wa zan share. Ya nemi sunan mutumin da ya biya, ya danna, ya kuma danna. Ashe da Turanci kalmar nan rarrabawa ta ke nufi. Hoton ya tafi wurin mutumin, ɗauke da sunayen waɗansu mutum bakwai da abin da a ke bin kowannensu. Mutumin kuwa ba mai riƙe baki ba ne. Kafin lisha magana ta gama unguwa.

Cikin mutum bakwai ɗin nan akwai wani dattijo wanda kasuwa ta juya wa baya, yana ta lallaɓawa ba wanda ya sani sai Kawu. Washegari ya zo zaure, bai ko zauna ba, ya ce, "Alhaji, ashe haka za mu yi da kai?" Ya sayar da abin da ya sayar, ya kawo kuɗin, ya ɗauke cinikinsa ya kai wani gida. Zumuncin shekara talatin ke nan.

Sa'ad da na je hutu na durƙusa na gaishe shi, bai bari na huta ba sai ya miƙo mini wayar, ya ce, "Kai Malam ƙarami, ku da kuka yi boko, yaya abin nan ya ke rubutu da bakin Hausa amma nufinsa na Bature?" Na yi masa bayani iyakar iyawata. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, ku mene ne amfaninku?" Wallahi ban sami amsa ba. Wannan tambaya ita ce ta sa ni cikin aikin da na ke so in gayyace ku.

Duk abin da waya ko kwamfuta ke yi, wani tsari ne da mutane suka rubuta ke tafiyar da shi, shi ne a ke kira manhaja. Manhaja iri biyu ce. Akwai wadda kamfani ya yi ya kulle, kamar rijiyar da ke cikin gidan mai kuɗi. In ya ga dama ya sa mata Hausa, in bai ga dama ba sai haƙuri. Akwai kuma wadda masu ita suka bar ta a buɗe, kamar rijiyar unguwa, kowa ya ɗiba, kowa kuma yana da ikon ya yashe ta ko ya gyara mata baki. Wani Ba'amurke, Richard Stallman, shi ya fara kiran mutane ga wannan hanya a 1983. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux ya sake shi ga duniya, kuma a kansa aka gina Android wanda ke cikin yawancin wayoyin da ke aljihunmu. Firefox na shiga intanet, da LibreOffice na rubutu da lissafi, da MediaWiki wadda Wikipedia ke tafiya a kanta, duk irin wannan rijiya ce.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne, irin waɗannan manhajoji yawancin masu fassara su 'yan sa kai ne. LibreOffice ana samunta cikin harsuna fiye da 100, kuma Amharik, babban harshen Habasha, yana cikinsu. Ku duba wahalar da Habashawa suka sha. Rubutunsu yana da haruffa fiye da 200, kuma sai a 1999 aka shigar da su cikin Unicode, watau babban jadawalin da na'urorin duniya suka yarda da shi na haruffa. Duk da haka suka zauna suka fassara jimla bayan jimla. Mu fa? Abin da muka ƙara a kan haruffan Turawa bai wuce ɓ da ɗ da ƙ ba, sai ƴ wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, kuma duk suna cikin jadawalin nan. Fulani ma sun yi nasu. Wani mutum mai suna Ibrahima Sarr ya jagoranci fassara Firefox zuwa Fulatanci. Da suka zo kan kalmar da ke nufin manhaja ta tsaya cak tana cikin aiki, sai suka ɗauko kalmar da makiyayi ke faɗa in saniya ta faɗi amma ba ta mutu ba. Kowane Bafulatani ya ji, ya gane, hankalinsa kuma ya kwanta, domin ya san saniyar za ta tashi.

Ga yadda aikin ya ke, don kada wani ya zaci sai injiniya. Akwai wuraren da aka tanada dominsa a intanet, kamar Weblate, da translatewiki.net inda a ke fassara MediaWiki, da Pontoon na masu Firefox. Mutum ya yi rajista kyauta, ya zaɓi Hausa. Sai a jero masa 'yan gajerun jimlolin da manhaja ke nuna wa mai amfani da ita, Turanci a gefe guda, fili a ɗaya gefen. Ya rubuta Hausar, wani ya duba ya amince ko ya gyara. In masu manhajar suka fitar da sabuwa, sai ta fito da Hausar a ciki. Da waya ma ana iya yi. Ni na fara ne da wata 'yar ƙaramar manhaja ta ajiyar rubutu da hotuna, mai jimla wajen 400. Na gama ta cikin hutu guda, ina yi bayan sallar asuba kafin gari ya ɗau hayaniya.

Amma fa kada gajartar jimlolin ta ruɗe ku. Na sha kunya tun ranar farko. Kalmar da Bature ke faɗa in an tsamo wanda ya faɗa ruwa, ita ce kuma ya ke faɗa in za a ajiye rubutu. Ni kuwa da gaggawa na rubuta "ceci". Da na nuna wa Kawu sai ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Wa ya faɗa rijiya?" Na mai da ita "adana". Sa'an nan ga matsalar ka da ki. Bature da kalma ɗaya ya ke yi wa namiji da mace magana, mu kuwa in ka rubuta "kana so ka goge?" ka fitar da iyayenmu mata daga ciki. Inna ce ta warware mini wannan, ta ce, "Ai sai ka ce, a goge?" Haka kuwa na yi, ga gajarta, ga ladabi. Akwai kuma waɗansu alamomi cikin jimla, kamar %s, waɗanda ke riƙe wa suna ko lamba wuri. In ka taɓa su manhaja ta rikice, saboda haka sai ka gina Hausarka a kewaye da su. Ga kuma ƙarancin wuri, domin maɓalli ɗan ƙarami ba ya ɗaukar dogon bayani. Na ƙarshe, haruffa masu lanƙwasa. Wanda ya yi ƙyuya ya rubuta baki a maimakon baƙi, ko kafa a maimakon ƙafa, ya haƙa wa wani irin ramin da Kawu ya faɗa.

Na san abin da waɗansunku za su ce, domin an riga an faɗa mini a ɗakin kwana. Na farko ya ce, "Nawa a ke biya?" Ba a biyan ko kwabo, gara in faɗi gaskiya. Amma in tambaye ku, wa ya taɓa biyan 'yan gayya? Ana taruwa a nome gonar wane yau, gobe a je ta wane, kowa ya koma gida da gajiya da albarka. Manhajar da mu ke rubuta darussanmu da ita kyauta, ai gumin waɗansu ne da ba mu san su ba. Wanda ya ci tuwon gayya kuwa ya kamata a gan shi da fartanya. Ban da haka, ni dai na ƙaru. Ƙa'idojin rubutun Hausa da malaminmu ya yi ta fama da mu a kai, na raba kalma da haɗa ta, sai a wurin wannan aiki suka zauna mini daram.

Na biyu ya ce, "Me zai hana mutane su koyi Turanci kawai?" Madalla da koyon Turanci, ni ma shi zan koyar in Allah ya yarda. Amma dattijo mai shekara sittin, mai harshe biyu da rubutu biyu, za a ce ya koma aji ɗaya kafin ya iya kawar da hoto daga wayar da ya saya da kuɗinsa? Zanen aro ba ya rufe katara. Mu malamai kuma ya kamata mu fi kowa sanin wannan. A 1970, can Ile-Ife kusa da mu, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwajin koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuwa ya zama darasi guda. Suka zauna suka samo kalmomin lissafi da kimiyya da harshensu. Da aka auna, yaran ba su kasa takwarorinsu ba, har a Turancin. Mutum ya fi gane abu da harshen da ya ke tunani da shi, ko yaro ne ko tsoho.

Na uku ya ce, "Hausa ba ta da kalmomin waɗannan abubuwa." Wannan magana tsohuwa ce, kuma kullum a kan ƙaryata ta. Sa'ad da dogo ya isa Kano a 1911, wa ya koya wa mutane su ce jirgin ƙasa? Da na sama ya zo, suka ce jirgin sama. Aka kafa Hukumar Fassara a 1929, ta zama Hukumar Talifi a 1933, su Dokta East da Malam Abubakar Imam suka yi ta aiki a Zariya. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, tana ba da labarin yaƙin duniya da Hausa tsantsa. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957. Waɗannan mutane kullum suna gamuwa da sabon abu, kullum suna raɗa masa suna. Wanda ya fara cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ai gwani ne. Inda babu kalma kuwa a ara, a sa mata rigar Hausa, kamar yadda aka yi wa mota da tebur da kwamfuta. Ƙamus ma muna da su, tun daga na Bargery na 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Bambancinmu da mutanen Zariya shi ne, su hukuma ce ta ɗauke su aiki, mu kuwa ba wata hukuma da za ta zauna ta bi mana manhajoji ɗaya ɗaya. In ba mu yi ba, sai su zauna yadda su ke.

Na huɗu ya ce, "Ai na'ura na fassara yanzu." Gaskiya ne, Google Translate ya sa Hausa tun 2013, kuma yana da amfaninsa. Amma na'ura ba ta san wanda ke riƙe da waya ba, ba ta san ko Inna ce ko Kawu ba. Kalma guda tsirara, ba gaba ba baya, ko mutum sai ya duba inda za ta zauna kafin ya san nufinta. Wanda zai kwaso fassarar na'ura ya zuba ba tare da ya duba ba, don dai a ga sunansa cikin masu aiki, ina roƙonsa ya bari. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Akwai kuma wadda ta fi yi mini ciwo. Wani aboki ya ce mini cikin raha, "Kai ɗan Sabo, ina kai ina gyara Hausa? Ku da Hausarku ta sha ruwan Yarbanci." Ban musa ba, Hausarmu ta ɗan gauraya, ƙannena ma in suna wasa a bakin titin Mokola harshe uku su ke haɗawa cikin jimla guda. To, ai wannan shi ne dalilin da ya sa abin ya fi damunmu. Ɗan Kano ko ya ƙi ko ya so Hausa na kewaye da shi. Mu kuwa da ke Ibadan da Shagamu da Legas da Kumasi, in yaro ya fita makaranta Turanci, kasuwa Yarbanci, ya ɗauki waya kuma Turanci, ina zai ga harshen iyayensa a rubuce? Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Saboda haka aikin na kowa ne. Ɗan Sabo ya kawo kalmar da a ke ji a zango, Bakano da Basakkwace da Bazazzagi su auna ta, a zaɓi wadda kowa zai gane.

Ga shawarata. Mu kafa 'yar ƙungiya a nan kwaleji, ƙarƙashin Sashen Hausa, mu riƙa haɗuwa sa'a guda ran Alhamis da yamma. In mu talatin ne, kowa ya fassara jimla goma, a mako mun sami 300. Cikin zangon karatu na mako goma sha biyu mun sami 3,600, watau ƙananan manhajoji da dama. Mu ajiye littafi guda na kalmomin da muka yarda da su, don kada wannan ya ce adana, wancan ya ce ajiye, mai karatu ya rasa na kamawa. Mu roƙi malamanmu su riƙa duba mana. Sharaɗi mafi girma kuma, kada mu amince da kowace jimla sai mun karanta wa wanda ba ya jin Turanci, kamar Baba mai gadi ko iyayenmu masu dafa mana abinci, mu tambaye su abin da suka fahimta. In sun gane, ta yi. In sun yi dariya, a sake. Mu fara da abin da za mu bukata a aji gobe, watau manhajojin rubutu da lissafi da koyon karatu. In mun fita koyarwa kuma, kowa ya tafi da sana'ar garin da aka tura shi, ya koya wa manyan ɗalibansa.

Kafin in dawo daga hutun nan na sa wa Kawu 'yar manhajar da na fassara, na kwashe hotunan littafinsa na zuba ciki. Yanzu in ya buɗe shafi yana ganin "aika wa wani" a gefe guda, "goge" a ɗaya gefen, in ya danna goge kuma ta tambaye shi, "A goge?" Ya jujjuya wayar, ya karanta da ƙarfi, ya ce, "Yauwa, yanzu ta yi hankali." Dattijon nan dai har na taho bai komo da cinikinsa ba, ko da ya ke an ce suna gaisawa a masallaci. Abin da ya zube ya zube. Sauran masu littafin bashi da ke Sabo, da waɗanda ke sauran zangogi, su ne ba na so mu bari su faɗa ramin.

Duk wanda ya ke da niyya ya same ni bayan sallar la'asar ran Alhamis mai zuwa, a ajin da mu ke darasin Hausa. Ya zo da wayarsa da alƙalami, in yana da ƙamus ya riƙo. Allah ya sa mu zama masu amfani ga iyayenmu, amin.